Rubuce-rubucen Masana Kan Kiɗan Okestira: Tambayoyin da Makaɗan Sha'awa Ke Yawan Yi

Wannan shafi na mutumin da ke goga biyolin ko busa kalarinet a ƙungiyar okestira ta masu sha'awa ne, wanda da rana yana can wurin sana'arsa, da yamma ya rataya kayan kiɗansa ya nufi wurin bita. Irin wannan mutum yakan kai matakin da takardar da ke gabansa ba ta ishe shi ba. Yana son sanin dalilin da ya sa aka rubuta kiɗan haka, da yadda aka kaɗa shi tun asali. Sai ya nemi abin da masana suka rubuta, ya tarar ko dai an kulle sai an biya, ko kuma a buɗe yake amma ya ƙi shiga kai.

Wane irin rubutu ake nufi da rubutun masana a nan?

Abin da malaman jami'a da manazarta ke wallafawa a littattafai, da mujallun ilimi, da kundayen digiri. Fannin nazarin kiɗa ya samu tsari irin na jami'a ne a ƙasashen da ke magana da Jamusanci, musamman bayan maƙalar da Guido Adler ya fitar a 1885 inda ya shata iyakokinsa da hanyoyinsa. A yau rubutun ya rabu gida-gida. Akwai na tarihi: wa ya tsara kiɗan, wa ya biya shi, su wa suka fara kaɗawa, a wane zaure. Akwai na feɗe kiɗan kansa, a bi shi sauti bayan sauti a nuna yadda aka gina shi. Akwai na binciken yadda magabata suke kaɗawa, da irin kayan da suke riƙe da su. Sannan akwai aikin masu tace takardun kiɗa, waɗanda ke komawa rubutun hannun mai kiɗan su gwada shi da bugun farko don fitar da abin da ya fi inganci.

Na tarihi kowa zai iya karantawa. Na feɗe kiɗa shi ne mai ƙashi. Biyun ƙarshe kuwa su ne suka fi amfanar wanda ke riƙe da baka ko yake busa, kuma abin takaici su ne makaɗan sha'awa suka fi rashin sanin akwai su.

An ma rubuta waɗannan abubuwa domin irina kuwa?

Yawancin na yanzu, a'a. Malami yana rubuta wa 'yan'uwansa malamai ne, domin su ne za su tantance maƙalar kafin a buga, su ne kuma za su yanke hukunci kan ƙarin girmansa. Amma ba haka abin ya faro ba, kuma yana da kyau ka san wannan don kada ka ɗauki kanka baƙo a gidan da kake da gado.

Sharhin da ya fi kowane shahara kan simfoni (wato dogon kiɗan okestira) ta biyar ta Beethoven ya fito ne a 1810 a wata jaridar kiɗa ta birnin Leipzig, kuma E. T. A. Hoffmann da ya rubuta shi masanin shari'a ne da ya yi aikin alƙalanci, ko da yake shi ma yana tsara kiɗa. George Grove, wanda babban ƙamus ɗin kiɗa ke ɗauke da sunansa har yau, injiniya ne da ya yi aikin gina hasumiyoyin haska wa jiragen ruwa hanya. Ƙamus ɗin nasa ya fito cikin juzu'i huɗu daga 1879 zuwa 1889, kuma littafin da ya rubuta kan simfoni tara na Beethoven a 1896 ya faɗa a gabatarwarsa cewa domin masu sha'awa ya yi shi. Donald Francis Tovey, farfesa a Jami'ar Edinburgh, ya rubuta fitattun nazarce-nazarcensa ne a matsayin bayanin da ake raba wa masu sauraro a zauren wasa, daga baya aka tattara su cikin juzu'i shida tsakanin 1935 da 1939.

Shi kansa kiɗan, wani sashe nasa hannun masu sha'awa ya fara shiga. Simfoni ta biyar ta Schubert, wadda ya tsara a 1816, wata ƙaramar ƙungiya ce ta masu sha'awa ta fara kaɗa ta a gidan wani mutum a Biyana, babban birnin Ostiriya, ƙungiyar da ta samo asali daga kiɗan da iyalin Schubert ke yi a tsakaninsu, shi kuma yana riƙe da biyola a ciki. Ratar da ke tsakanin mai nazari da mai kaɗawa ta faɗaɗa ne bayan da fannin ya tare a jami'o'i a ƙarni na 20.

To me ya sa suke da wuyar fahimta haka?

Wahalar iri biyu ce, kuma dole a raba su, domin ɗaya tana da hujja, ɗayar ba ta da ita.

Ta farko daga abin da ake magana a kai take. Kiɗa ba ya tsayawa wuri ɗaya a dube shi, kuma a okestira abubuwa goma na iya faruwa a lokaci guda. Wanda zai yi bayanin abin da ya faru cikin daƙiƙa huɗu na simfonin Brahms yana bukatar kalmomi na musamman, in ba haka ba sai ya cika shafi uku bai gama ba. Idan ka ga marubuci ya sa lambobin Rumawa a ƙarƙashin layukan kiɗa, I da IV da V, yana taƙaita maka ne wane haɗin sautuka ke gudana da matsayinsa a mazaunin kiɗan, wato sautin da kiɗan ya ɗauka a matsayin gida. Wannan ana koyon sa cikin 'yan makonni, kuma ya cancanci wahalar.

Akwai kuma hanyoyin nazari da ke da alamominsu na kansu. Heinrich Schenker, wanda ya zauna a Biyana ya rasu a 1935, ya ƙirƙiro wata hanya ta zana kiɗa mai tsawo a taƙaice, a cire masa ado sannu a hankali har sai ƙashin bayansa ya fito. Zanen yana kama da takardar kiɗa amma ba a kaɗa shi, kuma alamomin ciki ba tsawon sauti suke nunawa ba, nauyinsa a ginin suke nunawa. Wanda ba a faɗa masa haka ba zai yini yana kallo bai gane komai ba, alhali laifin ba na ƙwaƙwalwarsa ba ne. Haka tsarin da Allen Forte ya shimfiɗa a 1973 don kiɗan ƙarni na 20, inda ake ba sautuka goma sha biyu lambobi daga 0 zuwa 11 ana lissafi da su. Idan abin da ƙungiyarku ke kaɗawa Haydn ne da Dvořák, wannan lissafi ba ya gabanka, ka wuce shi ba tare da damuwa ba.

Wahala ta biyu ita ce ke ba ni haushi. Jimla mai layi takwas da za a iya faɗa cikin biyu. Shafi biyar na farko da aka ƙarar wajen ambaton duk wanda ya taɓa tofa albarkacin bakinsa. Misalin kiɗa da aka buga ba tare da lambar gaɓa ba (gaɓa ita ce ɗan yankin da ke tsakanin layukan tsaye biyu a takardar kiɗa), har mai karatu ya kasa gano wurin a takardarsa. Wannan ba zurfin ilimi ba ne, rashin tunawa da mai karatu ne. Su kansu masanan sun daɗe suna kokawa da juna a kai. Joseph Kerman ya rubuta wata sananniyar maƙala a 1980 yana sukar yadda nazarin kiɗa ya koma aikin tabbatar da cewa komai na cikin kiɗa a haɗe yake, aka bar tambayar abin da kiɗan ke yi wa mai sauraro. Saboda haka idan rubutu ya gagare ka, tsaya ka tambayi kanka: kalmar ce ban sani ba, ko marubucin ne bai iya bayani ba? Idan kalma ce, nemo ta. Idan marubucin ne, nemi wani.

Sai na iya karanta cikakkiyar takardar okestira kafin in amfana?

Ba sai ka iya jin ta a kanka kamar madugun makaɗa ba, amma dole ka iya bin ta da yatsa yayin da kiɗan ke tashi. Wannan shi ne mabuɗin komai, domin kusan kowane nazari yana ɗauka cewa takardar na buɗe a gabanka.

Tsarin shafin ba ya canzawa sosai. Daga sama akwai kayan busa na itace: sarewa, obo, kalarinet, basun. Ƙarƙashinsu na tagulla: hon, tirampet, turombon, tuba. Sai ganguna. A can ƙasa masu tsirkiya: biyolin na ɗaya, na biyu, biyola, celo, da babban bas. Layukan tsaye da suka ratsa shafin su ke raba kiɗan gaɓa-gaɓa, kuma duk abin da ke jere daga sama zuwa ƙasa a wuri ɗaya tare yake tashi. A karon farko ka bi biyolin na ɗaya kawai, tunda galibi su ke ɗauke da karin. A karo na biyu ka bi layinka. A na uku ka bi bas, a nan ne za ka fara jin inda kiɗan ya dosa.

Abu biyu ke rikita sabon shiga. Na farko, wasu kayan ba abin da aka rubuta musu ke fita ba. Idan mai kalarinet irin ta B-filat ya ga C ya busa, B-filat ce ke fita, mataki ɗaya ƙasa. Mai hon irin na F idan ya ga C, F ta ƙasa ce za ka ji. Na biyu, biyola tana da alamar farkon layi tata daban, wadda ke sa C ta tsakiya a kan layi na uku. Ba sai ka ƙware a waɗannan ba, sanin cewa akwai su ya isa ya hana ka zaton an yi kuskuren bugu.

Ka fara da simfonin Haydn ko Mozart, inda layukan ba su da yawa. Mahler sai daga baya.

Ina zan same su ba tare da na zuba kuɗi masu yawa ba?

Takardun kiɗa su ne mafi sauƙi. Shafin IMSLP, wanda Edward Guo ya kafa a 2006, yana ɗauke da cikakkun takardu da na kowane kaso, wato rabon kowane kayan kiɗa, na ɗimbin kiɗan da haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kyauta. Dokar haƙƙin mallaka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shafin kuma yana nuna matsayin kowace takarda. A can ma za ka sami tsofaffin littattafan koyarwa da yawa.

Maƙalu su ne matsalar. Yawancin manyan mujallu suna bayan katangar biyan kuɗi, jami'o'i ne ke biya wa malamansu da ɗalibansu. Duk da haka akwai ƙofofi. JSTOR, rumbun tsofaffin fitowar mujallu, yana barin wanda ya yi rajista kyauta ya karanta wani adadi na maƙalu a kowane wata a kan allo. Mujallar Music Theory Online a buɗe take tun da aka fara ta a 1993, kuma yawancin maƙalunta suna haɗe da sautin da za ka danna ka ji. Ƙungiyar da ke fitar da ita tana da wata mujallar ta bidiyo mai suna SMT-V, inda masani ke bayani cikin 'yan mintuna kiɗan na tashi. Idan ka sa sunan maƙala a Google Scholar, duba gefen dama, sau da yawa akwai kwafin da marubucin ya ajiye a rumbun jami'arsa.

Kundayen digiri na uku da makaɗa ke rubutawa a jami'o'in Amurka wata taska ce da ba a kula da ita ba. Masu rubuta su makaɗa ne, tambayoyinsu irin naka ne: yadda za a raba numfashi a wannan jimla, wane yatsa ya dace a can. Da yawa suna rumbunan jami'o'in a buɗe. Ingancinsu ya bambanta, amma harshensu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙungiyar New York Philharmonic ta sa tsofaffin takardunta a intanet kyauta, har da waɗanda Leonard Bernstein ya yi wa alamu da fensir, da takardun kaso da makaɗa suka rubuta hawa da saukar baka a jiki. Sannan kada ka raina ɗakin karatu: wasu suna biyan kuɗin shiga ƙamus ɗin Grove na intanet domin masu katinsu. Idan duk ya gagara, rubuta wa marubucin wasiƙa gajera ka nemi kwafi. Matambayi ba ya ɓata, kuma yawancinsu daɗi suke ji wani daga wajen jami'a ya damu da aikinsu.

Da wane littafi zan fara?

Da wanda ya shafi kiɗan da ke kan madogarar takardarka a wannan zango. Jerin ƙananan littattafan Cambridge Music Handbooks kowane ɗaya kan aiki guda yake, masana ne suka rubuta, kuma gajeru ne. Tovey har yanzu yana da daɗin karantawa. Littafin Charles Rosen na 1971 kan salon Haydn da Mozart da Beethoven ya fi nauyi, amma makaɗin fiyano ne ya rubuta shi, kuma ana jin haka a kowane shafi.

Don sanin halin kayan kiɗa da yadda ake haɗa su, littafin Berlioz na 1844, wanda Richard Strauss ya yi wa ƙari a 1905, da na Rimsky-Korsakov da aka buga a 1913 bayan rasuwarsa, duka ana samun su kyauta. Na Samuel Adler, wanda ya fara fitowa a 1982, shi ne ake koyarwa da shi a makarantu da yawa yanzu.

Idan kana zaune a tsakiyar masu tsirkiya kana jin kamar ba wanda ya damu da kai, nemi littafin Johann Joachim Quantz na 1752. Sunan littafin koyon sarewa ne, amma yana da dogon babi kan haƙƙin da ke kan kowane ɗan ƙungiya, har da sashe guda da ya ware wa mai biyola.

Ta yaya zan tunkari maƙala idan na same ta?

Da tambaya a hannu. Wanda ya buɗe mujalla don neman ilimi kawai yana kama da wanda ya shiga kasuwa bai san abin da zai saya ba, zai gaji ya fito hannu rabbana. Tambayar ta fito daga wurin bita: me ya sa madugu ke rage sauri a nan alhali ba a rubuta ba, me ya sa muke maimaita sauti ɗaya gaɓa ashirin, wa ya kamata a ji a wannan wuri.

Karanta tsakure, sai ka tsallaka zuwa kammalawa, ka ga ko tafiyarku ɗaya. Idan haka ne, nemi misalan kiɗan da aka buga a ciki, ka gano su a takardarka, ka saurare su, in da hali ka kaɗa su da kayanka kafin ka karanta abin da aka ce a kansu. An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ke gaba: duk iƙirarin da marubuci ya yi, kunne ne shaidarsa. Bayanan ƙasan shafi ka bar su a karon farko. Sakin layin da ya gagare ka sau biyu ka yi masa alama ka wuce. Idan ka fita da abu ɗaya da za ka rubuta da fensir a takardarka, maƙalar ta biya.

Shin wannan karatu zai canza yadda nake kaɗawa, ko ilimi ne kawai na zance?

Zai canza, kuma ga inda ake ganin sa.

Ɗauki farkon simfoni ta biyar ta Beethoven, sautuka huɗun nan da duniya ta sani. Duba takardar: abin da ke farkon gaɓar ba sauti ba ne, ɗan shiru ne. G ɗin nan guda uku bayan shirun suke zuwa, suna gangarawa zuwa E-filat mai tsawo. Ƙungiyar da ba ta lura da wannan ba takan danna nauyi kan sautin farko, sai jimlar ta zauna daɓas maimakon ta ruga gaba. Da zarar kowa ya ji shirun a jikinsa, ya ja numfashi a kansa, shigar takan daidaita ba tare da madugu ya yi ta faɗa ba. Ka kuma lura cewa tsayawa ta biyu ta fi ta farko tsawo da gaɓa ɗaya, kuma da gangan aka ƙara ta.

Ga wani daga aikin masu tace takardu. Schubert yana rubuta alamar danna sauti da hannu a sake, wani lokaci ya ja ta ta yi tsawo har ta yi kama da alamar rage sauti a hankali. Masu bugu na ƙarni na 19 sun karanta da yawa daga ciki a matsayin ragewa, har sautin ƙarshe na babbar simfoninsa ta C, wanda aka daɗe ana barin sa ya lafa sannu a hankali. Masu sabon bugu da suka koma rubutun hannunsa sun nuna cewa a wurare da dama dannawa yake nufi. Ga mai baka, bambancin a fili yake: a ɗaya ka fara da nauyi ka saki nan take, a ɗayar ka raba bakan ka janye sannu.

Mai hon kuma da ke mamakin yadda kasonsa a Mozart bai wuce 'yan sautuka ba, ga kuma rubutun da ke cewa hon na D ko na E-filat a saman shafi, tarihi ne zai warware masa. Hon na wancan zamani ba shi da maɓallan da ake dannawa, sai wajen 1815 aka ƙirƙiro su. Mai busa yana sauya wani lanƙwasasshen bututu ne don ya dace da mazaunin kiɗan, kuma sautukan da bututun ke bayarwa a buɗe ƙalilan ne. Wanda ya san haka zai daina ganin kasonsa a matsayin abin raini, ya gane cewa shi ne ke kafa turakun da sauran ke jingina a kai.

Ko sanin tsarin sonata kaɗai, wato gabatar da kari, da jujjuya shi, da dawowarsa gida, yana taimaka wa mai ƙirga gaɓoɓin shiru. Wanda ya san inda yake a ginin ba ya ɓata ko ƙirgen ya kuɓuce masa.

Idan masana sun saɓa wa juna fa, wa zan bi?

Suna saɓawa kullum, kuma hakan ba aibi ba ne. A 1817 Beethoven ya fitar da lambobin saurin kiɗa na simfoninsa takwas na farko, bisa na'urar auna saurin kiɗa, metironom, da Mälzel ya fito da ita ba da daɗewa ba. Da yawa daga lambobin suna da sauri ƙwarai. An daɗe ana cewa na'urarsa ce ta lalace, ko rashin jinsa ne ya jawo. A ƙarshen shekarun 1980 Roger Norrington ya naɗi simfonin yana ƙoƙarin bin lambobin, aka ji cewa mafi yawansu suna kaɗuwa. Har yau ba a rufe muhawarar ba.

Haka batun girgiza yatsa a kan tsirkiya. Leopold Mozart, a littafinsa na 1756, ya soki masu girgiza kowane sauti kamar masu ciwon karkarwa. Geminiani kuwa, a nasa na 1751, ya ce a yi ta gwargwadon iko. Mutum biyu na zamani ɗaya ke nan. Abin da za ka nema wurin marubuci shi ne hujjarsa: wace takarda ya gani, ta wace shekara, daga wane gari. Wanda ya ce haka ake yi a da, bai faɗi ina da yaushe ba, ka riƙe maganarsa da hannu ɗaya.

Na karanta abin da ya saɓa wa yadda madugunmu ke so. In yi magana?

Ka yi, amma ba a tsakiyar bita ba, ba kuma a gaban jama'a ba. Same shi lokacin hutu ka nuna masa shafin a matsayin tambaya. Idan ya tsaya kan ra'ayinsa, bi shi. Mutum arba'in da suka yi abu ɗaya tare sun fi daɗin ji a kan mutum ɗaya mai gaskiya da ya ware.

Tsohon bugu na kyauta bai isa ba? Me ya sa ake ta zancen sabon bugu?

Ga yawancin bukatun ƙungiyar sha'awa, ya isa. Sai dai ka sani cewa tsofaffin bugu sukan ɗauki ƙarin alamun da editoci suka sa daga kansu, da kurakuran da aka yi ta kwafa. Bugun simfonin Beethoven da Jonathan Del Mar ya tace wa kamfanin Bärenreiter, wanda aka kammala a 2000, ya gyara ɗimbin irin waɗannan, kuma kowace simfoni tana da littafin bayani da ke bin gaɓa bayan gaɓa yana faɗin abin da kowace tsohuwar takarda ta nuna. Wannan littafin bayani yana cikin rubutun masana mafi sauƙin amfani, domin lambar gaɓa kawai za ka nema. Ƙungiyar da ba ta da halin sayen duka tana iya sayen cikakkiyar takarda ɗaya, shugabannin sassa su kwafi gyare-gyaren da fensir.

Ban iya Jamusanci ko Italiyanci ba. Hakan zai hana ni?

A'a. Manyan littattafan da aka ambata a sama an fassara su zuwa Ingilishi, kuma kalmomin da ke kan takardar kiɗa ba su da yawa, ƙaramin ƙamus na kiɗa ya ishe su. Tarko ɗaya ne ya kamata ka kiyaye: a rubutun Jamusawa harafin B yana nufin B-filat, B ta ainihi kuma H suke rubuta ta. Mai hon ko kalarinet da bai san wannan ba zai fita daga layi tun gaɓar farko.

Bidiyon intanet da Wikipedia ba za su wadatar ba?

Bidiyon da ke nuna takarda tana tafiya tare da kiɗa babbar ni'ima ce ga mai koyon bin takarda, kuma shirye-shiryen da Bernstein ya yi wa matasa a talabijin daga 1958 zuwa 1972 har yau ba su tsufa ba. Wikipedia tana da amfani wajen shekaru da jerin kayan da kiɗa ke bukata, kuma ƙasan shafinta yakan kai ka ga littattafan gaske. Inda suke gazawa shi ne labaran da ake yaɗawa ba hujja. Maganar da ake jingina wa Beethoven cewa farkon simfoni ta biyar ƙaddara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa ta fito ne daga bakin Anton Schindler, sakatarensa, wanda bincike ya tabbatar ya ƙara rubutun ƙarya a littattafan da ake rubuta wa Beethoven magana a ciki saboda rashin jinsa, bayan rasuwar Beethoven ɗin. Irin wannan tacewa a rubutun masana ake samun ta.

Me ya kamata masana su yi ta nasu ɓangaren?

Ba na neman su sauƙaƙa tunaninsu, ina neman su buɗe ƙofa. Makaɗan sha'awa suna da yawa a duniya, su ne ke zama da simfoni guda wata da watanni, su san ta daga ciki, su ne kuma ke cika kujerun zauren wasa. Babu masu karatun da suka fi su cancanta, amma su ne aka fi mantawa da su.

Abubuwan da ake bukata ba su da tsada. Marubuci ya ajiye kwafin maƙalarsa a rumbun jami'arsa inda kowa zai samu, tunda mujallu da yawa sun yarda da haka. Ya fassara kalmar fanni a karon farko da ta fito, ko da cikin rabin jimla ne. Ya haɗa sauti da kowane misali idan a intanet za a buga. Idan bincikensa ya taɓa yadda ake kaɗawa, ya faɗa a fili cikin sakin layi ɗaya abin da yake ganin mai baka ko mai busa zai yi daban. Mujallu kuma su wajabta lambar gaɓa a kan kowane misali, tare da faɗin bugun da aka yi amfani da shi, domin lambobin da haruffan bita sukan bambanta daga bugu zuwa bugu, kuma wanda ke riƙe da takardar IMSLP yana bukatar sanin ko shafinsa da na marubucin ɗaya ne.